Awa Bakwai da Yaya Layashi

Laraba, 20 ga Sha'aban, bayan La'asar

Yaya Layashi ya bugo waya daga Holan. Shi da kansa ya bugo, ba ni na neme shi ba, wannan kaɗai ya isa in ɗauko littafin nan da na yasar tun da na bar koyarwa. Zai zo Tanja ranar sha biyu ga azumi. Na rangaɗa guɗa a kicin har mijina Bushta ya fito daga wanka da kumfa a kunne yana tambayar wa ya haihu.

Sai da na gama guɗar na ji sauran zancen. Ba gida zai zo ba. Matarsa Marlis ta yi ritaya, sun shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido masu tsayawa gari-gari. Nasu zai tsaya a tasharmu awa bakwai.

"Ki nuna wa Marlis gari," in ji shi. "Kasba ta tsohon gari, kogon dutse, fitilar bakin teku. Ba ta taɓa gani ba."

"Baba fa?"

"Batul, na ce ki nuna mata gari."

"Gidanmu a wani garin yake?"

Ya ce layin ba kyau, ba ya ji na. Layi lafiyarsa ƙalau.

Shekara talatin da ɗaya rabonsa da ƙofar gidan nan. Kuma ya san abin da likita ya gaya mini watan jiya, don da bakina na gaya masa: in akwai wanda ya kamata ya ga Baba, ya zo kafin zafi ya shigo. To ga shi zai zo, amma wai kogo zai gani. Duk da haka na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na wuni ina waƙa ina wanke tukwanen da na riga na wanke.

Juma'a, 22 ga Sha'aban, da hantsi

Baba yana saman gida tun fitowar rana, a kujerarsa, bargo a gwiwa, madubin hangen nesa a hannu. Shekara arba'in ya yi a tasha yana ɗaure igiyar jirage yana kwancewa, yanzu daga nan sama yake aikin da baki. Duk jirgin da ya shigo sai ya sha gyara. Na yau fari ne, bene sama da goma, ya zo ya tare mana rabin teku.

"Dube shi," in ji Baba. "Wai jirgi. Unguwa ce aka ɗora a kan ruwa. Yaran can kuma sun tsaya suna kallon igiya kamar za ta ɗaure kanta. Wa ya koya musu aiki?"

Na miƙa masa shayi, ya ce, "Allah ya yarda da ke, 'yata." Sau goma yake faɗa mini a yini, ko cokali na ɗauko masa. Ba a sanin nauyin maganar nan sai an ga wanda aka hana. Yaya an hana shi ita a bakin ƙofarmu, a shekarar da suka yi rigima kan wani kwalekwale, da murya har maƙwabta suka rufe tagoginsu. Tun ranar Baba bai sake kama sunansa ba. Ba zan rubuta abin da ya haɗa su ba. Abin da nake tsoro shi ne Baba ya tafi da maganar a bakinsa, Yaya ya ƙare rayuwarsa babu ita.

Na ce, "Irin wannan ne zai kawo baƙi daga Holan ranar sha biyu ga azumi."

Ya daɗe yana murɗa madubin. "Yaron can ne?"

"Shi ne, Baba."

"Me zai zo yi?"

"Ganin gari."

"Gari yana nan inda ya bar shi." Sai ya ce shayin ba sukari. Cokali uku na sa.

Asabar, 23 ga Sha'aban, da Magariba

Lafiya lau muke. Baba ya ci rabin kifi.

Lahadi, 24 ga Sha'aban, da azahar

Gwamnati ta mayar da agogo baya da awa ɗaya kamar yadda take yi kowane azumi, yau kaf Tanja ba wanda ya san ƙarfe nawa. Wayata ta gyara kanta, ta Bushta ta kafe, ya je ɗaukar fasinja a tashar jirgin ƙasa ya yi zaman awa guda yana zagin direban jirgi, bawan Allah bai yi laifin komai ba. Ka ce wa mutum mu haɗu ƙarfe uku, sai ya ce, "Tsohuwa ko sabuwa?" Baba kaɗai ke murna. Agogon bangonsa bai taɓa barin tsohuwar awa ta kafin a tura agogo gaba ba, ya ce gwamnati ta dawo hankalinta na wata ɗaya.

Na soya shabbakiya, irin alkakinmu na azumi, tire huɗu, gida duk ƙamshin zuma da riɗi. Bushta ya ce huɗu sun yi mana yawa. Na ce masa wanda ya ƙirga ba zai ci ba.

Laraba, 27 ga Sha'aban, bayan La'asar

Mun yi gwajin hanya da tasin Bushta. Na rubuta tsari a takarda da awa da minti, ya karanta ya ce, "Malama, yawo za a yi ko jarrabawa?" Na ce ya tuƙa, shi dama bai taɓa cin ko ɗaya ba.

Kai, ashe na manta garina. Shekara tara rabona da fitilar Sabartil, ga ta nan minti ashirin daga ƙofata. Muka tsaya inda tekun nan biyu suke haɗuwa, iska tana neman ɗankwalina, Sifaniya kwance a tsallake ana ganin fararen gidajenta. Bushta ya saya mini gyaɗa mai gishiri, muka zauna a kan dutse muna ci kamar saurayi da budurwa, shi da furfurarsa ni da ciwon gwiwata. Na yi dariya yau har haƙarƙarina ya yi ciwo, don ya dage sai ya ɗauke ni hoto da raƙumin bakin ruwa, raƙumin kuwa ya juya mana baya.

Ga tsarin: fitila, kogo, unguwar Marshan, Kasba, kasuwa. A ƙasan takardar na rubuta "unguwarmu, in lokaci ya rage." Bushta ya karanta wannan layin sau biyu ya mayar mini da takardar.

Lahadi, 1 ga Ramadan, bayan shan ruwa

An kai azumin farko. Likita ya hana Baba azumi, Baba ya ce likitan yaro ne, ya san ubansa yana sayar da raga. Muka yi ta ja har azahar kafin ya haɗiye maganinsa, yana kallon bango don kada ya ga fuskata. Da igwar shan ruwa ta tashi shi ya fara miƙa hannu ga dabino, wai shi ma ya sha wuya. Harira, miyarmu ta shan ruwa, ta yi daɗi. Lafiya lau muke.

Talata, 3 ga Ramadan, da hantsi

Jiya Bushta ya dawo da labari. Wasu Turawa biyu, mata da miji, jirginsu ya tafi ya bar su a tasha da jakar tsaraba da fitila ta tagulla a hannu. Matar ta zauna a ƙasa tana kuka.

"Duk azumi sai an yi haka," in ji shi. "Wasu jiragen da ke tasowa daga Sifaniya ba sa taɓa agogonsu. Biyar ɗinsu huɗunmu ce. Mutum ya dubi agogon kasuwa ya ga da sauran awa guda, ya tsaya cinikin darduma, ya dawo ya tarar da ruwa."

"Sai su yi yaya?"

"Sai su kwana a gari mana. Su bi jirgin ta ƙasa, su tarar da shi a Kasablanka bayan kwana biyu."

Na ce, "Kwana biyu."

Ya dube ni ta saman kwanonsa. "Batul."

"Me na ce?"

"Ba ki ce komai ba. Shi ne abin da ya dame ni."

Laraba, 4 ga Ramadan, da azahar

Ba abin da nake tunani. Na wanke labule.

Alhamis, 5 ga Ramadan, bayan La'asar

Yaya ya bugo, suna haɗa kaya. Ya karanto mini takardar jirgi: sauka ƙarfe goma, kowa ya koma ƙarfe huɗu da rabi, tashi ƙarfe biyar.

"Huɗu da rabi, Batul. Ba irin huɗu da rabin gidanmu ba. Mutanen nan ba sa jiran kowa."

Na ce to. Bai ce agogon wa ba, ni ma ban tambaya ba. Bushta ya bincika a tasha wajen abokansa, jirgin daga Malaga ta Sifaniya zai taso, kuma yana cikin masu riƙe agogonsu. Ban ce ya bincika ba. Ban kuma ce masa ya yi shiru ranar ba, shi ma bai ce zai yi magana ba.

Na sake gwada Yaya. Na ce Baba ya rame. Sai ya ce Marlis tana tambaya ko ta zo da rigar sanyi.

Juma'a, 6 ga Ramadan, bayan sallah

Shiru ba ƙarya ba ne. Na faɗa wa kaina haka a kan darduma, na sake faɗa a bakin murhu. Shekara talatin ina tsare yara a aji in ce wanda ya ga an yi ya ɓoye shi ma ya yi. Ga ni yau, da azumi a bakina.

Asabar, 7 ga Ramadan, da hantsi

Ruwan sama kaɗan. Jirgi ɗaya, na kaya. Baba ya ce an ɗaure shi daidai, abin mamaki.

Lahadi, 8 ga Ramadan, da Magariba

Likita ya zo. Ya ƙara magani ɗaya, ya cire ɗaya. A bakin ƙofa ya tsaya yana gyara madaurin jakarsa ya daɗe, na ce masa ba sai ya faɗa ba. Takardar maganin tana ƙarƙashin keken ɗinki tare da 'yan uwanta.

Baba bai hau sama ba yau.

Litinin, 9 ga Ramadan, da hantsi

Ya hau. Bushta ne ya tallafe shi, matakala ɗaya hutu ɗaya, Baba yana zaginsa wai yana riƙe shi kamar buhun gawayi. Da na ji zagin nan sai raina ya yi fari. Rana ta fito, teku ta kwanta, maƙwabta sun shanya barguna a kan rufi, ni da Baba muka zauna muna ɓare wake. Ya ba ni labarin jirgin ayaba da ya kwance da kansa a shekarun baya, na saurara kamar ban ji shi sau ɗari ba. Lafiya lau muke, yau kam da gaske.

Talata, 10 ga Ramadan, da azahar

Baba ya ce in wanke masa farar jallabarsa ta Idi, in kira wanzami.

Na ce, "Sallah da saura, Baba."

"Na tambaye ki ranar Sallah?"

An wanke, an goge, an rataye a bayan ƙofa. Wanzami ya zo ya yi masa gyaran fuska. Ba wanda ya ambaci jirgi.

Laraba, 11 ga Ramadan, bayan La'asar

Na jiƙa wake da yawa. Na cire sababbin zannuwan gado daga akwati na shimfiɗa a ɗakin baya, na kwashe, na sake shimfiɗawa. Bushta ya leƙo ya gani.

"Baƙi za mu yi?"

"Iska nake sha musu."

"A kan gado?"

Na jefe shi da matashi. Ya wanke motarsa har tayoyi, ya rataya sabon turare a madubi.

Alhamis, 12 ga Ramadan, da sassafe

Jirgin ya shigo. Daga taga ina ganinsa, fari, ya fi na rannan girma. Baba ya riga kowa shiri, yana sama cikin farar jallaba. Na ce masa za mu fita, maƙwabciya za ta riƙa leƙo shi. Bai sauke madubin daga idonsa ba. Ya ce, "Ki ɗauki ruwa. Baturiya ba ta azumi."

Ban ɗaura agogon hannuna ba.

Alhamis, bayan shan ruwa

Jirgi ya tashi. Ba zan iya rubutu yau ba.

Juma'a, 13 ga Ramadan, da hantsi

Bari in bi shi daga farko, kada in manta wani abu.

Ban gane shi ba. Ina ta neman dogon saurayi mai suma a cikin masu fitowa, sai wani tsoho mai sanƙo da tumbi da hular rana ya tsaya a gabana ya ce, "Batul, kin tsufa." Na ce, "Kai kuma jiya aka haife ka." Muka rungume juna a tsakiyar hanya har wani ɗan sanda ya ce mu matsa. Marlis doguwa ce mai farin gashi, idonta na dariya. Da Faransanci muka yi ta fama, nata gurgu, nawa na aji. Tana rataye da jaka a baya, na ɗaga zan sa a mota na ji ta da nauyi, na ce a raina Turawa ko bayan gida za su sai sun yi guzuri.

Yawo ya yi daɗi, wannan gaskiya ce. A fitila Marlis ta tsaya da hannu a ƙirji tana kallon tekun biyu, ni kuma ina ta yi mata darasi har Bushta ya ce a buga ƙararrawa a tashi. A kogo ruwa ya fantsamo ya jiƙa Yaya har gwiwa. Raƙumin da ya juya mini baya rannan ya durƙusa wa Marlis ba gardama, ta hau tana ihu da yarensu. Ta ƙi shan ruwa a gabanmu, sai da na buɗe gorar na sa mata a hannu na ce Baba ne ya aiko. Yaya ya ji, ya juya yana kallon teku.

Shi kuwa Yaya ya zama ɗan jagora. Yana nuna wa matarsa wurare yana ba ta tarihi, rabi daidai rabi na shekara talatin da suka wuce. Ya nuna mata gidan silima, wurin yanzu kantin waya ne. Larabcinsa ma irin na dā ne, yana faɗin kalmomin da rabona da jin su tun Umma tana da rai. A ƙofar Kasba wani mai sayar da huluna ya tare shi da Sifaniyanci yana ce masa maraba da zuwa Maroko. Muka kwashe da dariya, shi bai yi ba.

A Marshan ya ce Bushta ya tsaya a maƙabarta. Ba ta cikin takardata. Ya shiga shi kaɗai wajen Umma, mu muka jira a mota. Da ya fito gwiwoyin wandonsa duk ƙasa.

Muka bar mota a kasuwar waje muka gangara da ƙafa. Agogon da ke bakin kasuwa ya nuna uku saura kwata. Na ga Yaya ya ɗaga kai ya dube shi. Ni na san a jirgi huɗu ce saura kwata, Bushta ya sani, ya tsaya yana duba na'ana'a a tiren wata mata kamar zai auri mai ita. Na ce, "Da sauran lokaci, mu bi ta ciki." Wannan kam ba shiru ba ne, da bakina na faɗa.

Muka bi ta masu zaitun, ta masu saƙa, Marlis ta sayi takalmi rawaya. Ƙafafunmu suka yi ta gangarowa har muka iso gidan burodin unguwarmu. Tsohon mai gasawa yana fito da tire, ya ga Yaya ta baya, ya ajiye.

"Kai! Ɗan Mufaddal! Wallahi ko a duhu na ga tafiyar nan na san ta, kuna ɗaga ƙafa kamar masu tsallake igiya. Yaushe ka zo? Ka ga tsoho?"

Yaya ya gaishe shi da hannu biyu. Ya wuce ya zauna a bakin famfon kan kwana, inda ake hango ƙofarmu, taku ashirin ba ta kai ba. Ya cire hular ya riƙe. Muka tsaya a kansa. Minti biyar, minti goma.

A nan na kasa. Na ce, "Yaya, na cuce ka. Agogon jirginku yana gaba da namu da awa ɗaya. Na sani tun farkon azumi na ƙi faɗa. Yanzu an kusa rufe ƙofa, in Bushta ya yi gudu wataƙila..." Sai kuka ya ƙwace mini, a tsakiyar layi, ni da nake ce wa yara su share hawaye.

Ya ɗago ya dube ni. "Batul, ni ɗan waye? A tasha na girma. Kuma sun rubuta a ƙofar jirgin da harshe huɗu, da jan fenti."

"Ka sani?"

"Marlis ta gaya musu tun safe za mu tarar da su a Kasablanka. Me kike tsammani ke cikin jakar nan, duwatsu?"

Marlis ta dafa jakar tana murmushi. Kwana tara ina neman gafarar Allah a kan zunubin da ba wanda ya bari in aikata. Bushta ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa, na san dariya yake, zan kama shi.

"To tashi mu shiga," na ce.

"Ban ce zan shiga ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na zaci in jirgin ya tafi ƙafata za ta yarda. Ga shi ta ƙi. Akwai otal. Gobe, wataƙila. In na shiga ya kau da kai fa, Batul? In ya maimaita maganar da ya faɗa mini a bakin ƙofa? Na ɗauke ta sau ɗaya ina saurayi. Yanzu ba zan iya ba."

Ni ma ban san abin da Baba zai yi ba. Muka zauna a bakin famfon mu huɗu, mata suna wucewa da tiren burodi suna kallonmu. Aka kira La'asar. Sai jirgin ya busa ƙaho, dogo, har sau uku, tagogi suna karkarwa.

Na miƙe. Na ce, "Zauna nan har masu yawo su ɗauke ka hoto. Ni zan je wajen Baba. Shi ba ruwansa da agogon kowa, ƙaho ya sani. Tun asuba yake sama da farar jallaba, yanzu a ganinsa ka tafi."

Na shiga ban waiwaya ba. Na hau matakala da gwiwata mai ciwo, na tura ƙofar sama a hankali.

Baba yana tsaye. Mutumin da ake tallafewa, ya tashi da kansa ya je ya dafa katanga. Madubin yana ƙasa kusa da bargo. Jirgin ya riga ya saki tasha, yana juya hanci zuwa bakin teku, mutane cike a samansa ƙanana-ƙanana. Baba ya ɗaga hannu ɗaya yana yi musu alama. Bai ji shigowata ba. Bai kuma ji takun da ke bayana ba, ni ma sai da numfashi ya taɓa wuyana na san an biyo ni.

"Layashi," in ji Baba, ga jirgin. Muryar ba ta kai ko rufin maƙwabta ba. Ya ja numfashi ya ƙara ƙarfi. "Layashi! Je ka, ɗana. Na yafe, kai ma ka yafe. Allah ya yarda da kai. Allah ya yarda da kai duk inda ka sauka."

Daga bayana aka ce, "Amin, Baba."

Baba bai juyo ba. Hannun da ke sama ya sauko a hankali, ya miƙa shi baya yana lalube. Yaya ya wuce ni ya kama da hannu biyu, ya durƙusa ya sa goshinsa a kai. Sun daɗe a haka. Baba yana ta kallon ruwa.

"Jirginka ya tafi," in ji shi.

"Na gani, Baba."

"Ɗan tasha, jirgi ya bar shi. Kada ka faɗa wa kowa ni na haife ka." Bai saki hannun ba. "Batul, kawo wa yayanki kujera. Ki ce wa matarsa ta hau, ba a barin baƙuwa a layi."

Na kawo kujeru biyu. Sannan na sauka kicin na ƙara wa harira ruwa.